Abin da wata tsohuwar jita ta koya mini a Ochanomizu

Ranar Asabar na kwashe kayan aikina daga ɗakin gyara, bayan shekara huɗu ina duƙe a kan tsofaffin jitoci a wani shago na unguwar Ochanomizu da ke Tokyo. Jitocin da suka bi ta hannuna ba za su ƙirgu ba, amma guda ɗaya ce har yau idan na tuna ta sai gabana ya faɗi.

Aria Diamond ce ta ƙarshen shekarun 1960, irin masu ƙoƙon ciki da tsaga biyu a fuska, aikin masana'antar Matsumoku ta garin Matsumoto. Mutanen nan da katakon keken ɗinki na Singer suka saba, sai kiɗan jitar lantarki ya kama samarin Japan bayan zuwan ƙungiyoyin kiɗa na Ventures a 1965 da Beatles a 1966, suka duƙufa wajen ƙera jita. An rufe masana'antar a 1987, don haka abin da ka karya, babu inda za ka aika a kawo maka irinsa. Mai ita dattijo ne mai furfura, ya ce da albashinsa na farko ya saye ta. Kukansa ɗaya ne: tsirkiyoyin sun yi nisa da wuya, yatsunsa ba sa iya danna su.

Watana bakwai a lokacin. Babbanmu a ɗakin gyara ya hango ta daga inda yake zaune, ko taɓa ta bai yi ba, ya ce wuya ne ya lanƙwashe, in ɗaure sandar ƙarfen da ke cikinsa, kafin ƙarfe biyar a gama. Ni kuwa na riga na kanne ido ɗaya na bi wuyan da kallo, na gan shi a miƙe sambal. Na gani da idona, amma na yi shiru. An raine mu a kan bin na gaba bin Allah ne, ga baƙunta, ga harshen da bai gama zama a bakina ba. Na sa sifana na murɗa kaɗan. Notin ya yi tauri, na ƙara. A na uku na ji ƙas, wata 'yar ƙara da ba ta kai ta karyewar tsinke ba, sifanar ta juya sakayau a hannuna. Sandar ta tsinke a ciki.

Da na zura ɗan madubin likitan haƙori da tocila ta tsagar fuska, sai ga ainihin ciwon a fili. Irin waɗannan jitoci ba su da gungumen da ya ratsa tsakiyar ciki kamar na jitar Gibson ES-335. Wani ɗan katako ne kawai a inda aka ɗaure wuya da sukurori huɗu, shi ke riƙe da jan tsirkiya shida. Gam ɗin da ya riƙe shi ya saki bayan shekara hamsin, katakon ya karkata gaba, ya tafi da wuyan. Duban minti biyar ne, kuma da na yi shi tun farko da sandar tana nan lafiya.

Washegari a gaban mai shago da dattijon, babbanmu ya ce ni na yi gaban kaina. Na sunkuya na ba da haƙuri kamar yadda ake yi a can. Dattijon bai ce uffan ba, sai shafa murfin akwatin jitar yake yi da tafin hannunsa, kuma wannan ya fi mini zafi a kan zagi. Sai da aka ɗaga allon wuyan da zafi kafin a sa sabuwar sanda, farin layin da ya kewaye shi ya ruɓe ya farfashe a wurin ɗagawa, aka maye shi da sabo. Ni kuma aka hana ni taɓa kayan mutane wata uku, sai goge-goge da naɗe waya. Rabin laifin nawa ne, ban taɓa musu ba, domin hannuna ne ya murɗa. Ɗaya rabin har na bar shagon ba wanda ya ɗauka.

Don haka ga masu shigowa wannan sana'a: kada ka kai sifana wuyan jita mai ƙoƙo sai ka leƙa cikinta. Idan na gaba da kai ya ce ka yi abin da idonka ya ƙi, roƙe shi cikin ladabi ya rubuta a katin aiki ya sa hatiminsa. Za ka ga yadda umarni ke sauyawa.

Sauran ƙanana ne. Maganaɗisun ɗaukar sauti na kamfanin jita na Teisco masu ruwan zinariya, kada ka zubar don sun yi kama da kayan wasan yara, irinsu makaɗin Amurka Ry Cooder ya sa a jitarsa. Ka ɗaura zare a jikin kowane maɓallin sauti kafin ka kwance notinsa, in ba haka ba ya faɗa ciki, ka wuni kana kamun kifi ta tsaga. Tsohuwar robar seluloid idan ta fara ruɓewa tana fitar da iskar da ke sa ƙarfe tsatsa, a riƙa buɗe akwati. Kukan da jitar ke yi kusa da lasifika kuma ba ciwo ba ne, halin ƙoƙo ne, kada ka cusa mata soso ba da yardar mai ita ba.

Bara dattijon ya dawo da jitar Yamaha SA-50 ta wani abokinsa, ya ce ni yake so in duba ta. Babbanmu na zaune, bai ɗago kai ba. Ya zo da tasa Aria ɗin ma don a sauya tsirkiya. Sabon layin da ke wuyanta har yanzu ya fi na jikinta fari, daga bakin ƙofa na hango shi.