Tsoron da ya cinye Okonkwo

Da na sake karanta littafin Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958, sai na tarar da wani Okonkwo dabam da jarumin da muka haddace don jarrabawa. Na ga mutumin da tsoro ke juyawa, tsoron kada a ce ya gaji mahaifinsa Unoka, mai busa sarewa da cin bashi, wanda ya mutu ba shi da ko sarauta ɗaya.

Wurin da ya fi girgiza ni shi ne kisan Ikemefuna, yaron da aka ba Okonkwo riƙo. Dattijo Ezeudu ya gargaɗi Okonkwo da kada ya sa hannu, tunda yaron yana kiransa baba, amma ya ɗaga adda don kada a ce masa rago. Bayan haka ya yi kwana 2 bai ci abinci ba sai shan bammi, barci kuma ya ƙaurace masa.

Wasu suna gaggawar cewa ciwon damuwa ne, ni kuwa ban gamsu ba. Kundin DSM-5 na likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka yana buƙatar alamomin su ɗore aƙalla mako 2, kuma dole likita ya zauna da mutum ya yi masa tambayoyi, abin da ba zai yiwu da ɗan cikin littafi ba. Abin da nake gani shi ne baƙin ciki da nadama da aka danne, a garin Umuofia inda ake ɗaukar hawayen namiji abin kunya.