Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Kakiden Inna

Assalamu alaikum. Na san na yi alkawarin yau za mu shiga labarin haihuwata ta fari, to ku yi haƙuri, hunturun nan da ya kama ya tono min wata magana.

Kun dai san ni 'yar mahauta ce gaba da baya. Baba a abbatuwar Kano ya ƙare rayuwarsa, nan wajen Ƙofar Mazugal, duk Juma'a kuma yana Wudil sayen shanu. Ban san abin gori ba ne sai da na yi aure. Daren da aka kai ni, ina lulluɓe, na ji Hajiya uwar Malam tana ce wa 'yarta a tsakar gida, "Ke, ƙara garwashi a kaskon nan, ko ma rage jin ƙarnin kitse." Aka kwashe da dariya, muryar ƙanwar Malam ta fi ta kowa tashi. Ni da aka yi kwana da kwanaki ana turara ni, ga humra har cikin gashi.

Ƙarnin kitse. Da a gaban Inna aka faɗa, na san amsar da za ta bayar. Inna ita ta haifi Baba, kuma a ɗakinta na tashi. Kullum in ta ɗora tukunya sai ta ce min, "Kishiya, kitse ba ya wari, mai gaggawa ke sa shi wari."

Ba kowane kitse take karɓa ba. Na ƙoda kawai, farin nan mai tauri da ke marmashewa a hannu. In yaran Baba suka kawo mata na jikin nama sai ta mayar, ta ce a kai wa masu miya. Za ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno ta tsince duk wani ɗan nama da jijiya da gudan jini, ta yayyanka shi ƙanana, ta zuba a tukunyar ƙarfe da ruwa da gishiri cikin tafi. A kan garwashi take ɗorawa, ba ta yarda harshen wuta ya taɓa gindin tukunyar. Tun hantsi har la'asar yana ɗan motsi a hankali. Sai ta tace da farin ƙyalle, mu yara mu yi rububin abin da ya rage a ƙyallen da yaji. Ruwan ta ajiye shi ya kwana a sanyi. Da asuba za ki ga kakiden ya daskare a sama kamar faifai, ta ɗago shi, ta juya, ta kankare dattin da ya taru a ƙasansa, ta zubar da ruwan. Ta sake sabon ruwa da gishiri. Haka za ta yi ta maimaitawa har sai ta kai hanci ta ji shiru. Narkawar ƙarshe ba ruwa, tana tsaye a kai har ya daina tartsatsi, domin ɗigon ruwa in ya maƙale a ciki shi ke kawo fumfuna.

A shekarar 2006, wadda Babbar Sallah ta zo mana sau biyu, ɗaya a Janairu ɗaya a ƙarshen Disamba, layya ta faɗo tsakiyar hunturu. Lokacin Inna ta daɗe da rasuwa. Ƙafar Hajiya ta yi faso har tana jini, alwalar asuba sai da ta koma yi mata azaba, ga basilin an shafa har an gaji. An yanka bijimi a gidan, na ga ana shirin kyautar da kitsen ƙodar, na ce a bar min. Ƙanwar Malam ta ce, "Ai dole, jini ba ya ɓuya." Ban tanka ba. Na shige bayan madafi da kurfoti na.

Haɗin Inna awo uku ne daidai wa daida: kakide ɗaya, man kaɗe ɗaya, kakin zuma ɗaya. Man kaɗen na wajen Nufawa take so, na ƙasar Bida, wanda ba a surka shi da komai ba. Ana sa kwano a cikin tukunyar ruwan zafi, a fara narkar da kakin don shi ya fi taurin kai, a bi shi da kakide, sai an sauke sannan a jefa man kaɗe a juya. Shekaru da yawa bayan haka 'yata ta biyu, wadda ta karanta kimiyya, ta ce min kakin zuma sai zafi ya haura digiri 60 yake narkewa, kakide arba'in da wani abu, man kaɗe kuwa ɗumin jiki ma ya ishe shi. Na ce to Inna ba ta san digiri ba, amma ta san in bazara ta gabato a ƙara kaki, in ba haka ba zafin Afrilu na Kano ya mayar miki da shi miya. Ita kanumfari take jiƙawa a ciki don ƙamshi, ta zuba a gwangwanin madara. Ni yanzu robar yin kek nake amfani da ita, ya fito dunƙule-dunƙule, a riƙe a tafi ya ɗan saki, a murza.

Man da na haɗa a lokacin na ba wa ɗana ya kai wa kakarsa Hajiya, na ce kada ya ce daga ina. Na dai ce ya gaya mata ta jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi, ta goge kaushin da dutse, ta shafa tun da sauran laima, ta sa safa ta kwanta. Sirrin kenan, laimar. Shi man nan rufe fata yake yi ya hana ruwan jiki tsanewa, in kika shafa a busasshiyar fata kika fita cikin ƙura, ƙurar kawai za ki kwaso. Kafin a gama cin naman Sallah fason ya fara haɗewa. Da alhazai suka fara dawowa sai na ji tana faɗa wa baƙi wai tsarabar Makka ce wani abokin Malam ya aiko tun da wuri. Har ta koma ga Allah, Allah Ya jiƙanta, duk hunturu "man Makka" take aikowa a karɓo mata. Malam ya sani. Bai taɓa buɗe baki ya ce matata ce ke yi ba, kuma wannan shirun nasa ya fi maganar uwarsa yi min ciwo.

Sayarwa kam sai bayan 2023 na fara, da aka cire tallafin fetur komai ya yi tashin gwauron zabo, man shafawa na kanti ya gagari mai 'ya'ya da yawa. Ina gaya wa masu saye gaskiya: ba ya sa fari, mai ƙurajen fuska ta bar shi a hannu da ƙafa da gwiwa, mai ciwon suga kuwa in ƙafarta ta tsage ta nufi asibiti. Wasu sun gwada yi da kansu sun dawo suna cewa yana ƙauri. Na ce kun sa masa itace kuna sauri, mai gaggawa ke sa shi wari.

Bara sai ga 'yar ƙanwar Malam, waya a hannu, tana nuna min Turawan Amurka a TikTok suna shafa kitsen shanu a jiki, ana sayar da ɗan mitsitsin kwalba da dala. "Anti, ashe abin nan naki ne ake yayi! Mama ta ce ki yi mana na rabo a bikina." Mama ta ce. Na yi musu, na naɗe kowanne a takarda mai kyau, kuma ban rage ko kwabo ba.

Duk wannan a tukunyar aro na faro shi, don tukunyar Inna, wadda ta faɗa da bakinta a gaban Goggo cewa tawa ce, Yaya Babba ta sa a buhu ta fice da ita tun ranar sadakar uku. Yadda muka kwashe da ita a kan tukunyar nan, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.