Inda babban karen ya turje

Yau da hantsi, a tsakiyar wani gangaren dutse da ganyen kaka ya lulluɓe, babban karena ya turje ya ƙi gaba, alhali ƙaramin yana ta fizgar igiya yana son sauka. Da na sa sanda na share ganyen, sai ga tsakuwa jiƙe da raɓa, irin wadda ke zamewa da mutum da zarar ya ɗora mata nauyi. Yana tsaye yana haki, harshe a waje, domin ta haki ne kare yake rage zafin jikinsa, amma bai ɗauke ido daga ƙafata ba har na samu wurin takawa. Na durƙusa na duba tafin ƙafarsa, na tarar duwatsu sun fara goge masa fata tun wajen hawa, kuma ko kukan ciwo bai yi ba.

Wannan shirun nasa ya taɓa mini zuciya ƙwarai, ga saukowa ta fi hawa cin gwiwa, ga rana tana saurin faɗuwa a wannan lokaci na shekara. Ni na zaɓi hanyar, su bina kawai suka yi, saboda haka lafiyarsu a wuyana take.