Na dawo daga Tanzaniya, ga abin da idona ya gani

Jama'a na dawo lafiya, har yanzu in na rufe ido dabbobin gandun dajin Serengeti nake gani. Ba zan tsaya kan maganar jirgi ba, ta Addis Ababa muka bi, sai dai duk ɗan Najeriya mai niyyar zuwa ya nemi biza tun yana gida, mu ba a ba mu ita a bakin shiga. Ni da takarduna cif har da katin allurar shawara amma wani jami'i yana ganin koren fasfo ya ja ni gefe, ya yi ta jujjuya shi yana tambayata nawa ne a aljihuna, Turawan da ke bayana kuwa murmushi kawai ake musu suna wucewa. Wallahi abin ya ƙona min rai.

Daga garin Arusha muka fara da gandun dajin Tarangire. Kuka ce ko'ina, irin tamu ta gida, amma wasu sai mutum goma sun haɗa hannu kafin su zagaye gindinta, giwaye sun ɓare musu bawo da haure saboda ruwan da ke ciki. Da na faɗa wa direbanmu mu miya muke yi da ganyen sai ya riƙe baki, su 'ya'yan suke sarrafawa su yi alawar yara. Ƙudan tsando kuwa ba a magana, an ce kar a sa baƙin kaya ko shuɗi don su yake bi, wanda ya ƙi ji a motarmu ya ji a jikinsa.

Ngorongoro ce ta fi tsaya min. Wani makeken rami ne na tsohon dutse mai aman wuta da ya rufta, zurfinsa wajen mita 600, da asuba za ka gangara cikin hazo da sanyin da ya fi na Jos, kana isa ƙasa sai ga jakin dawa, ɓauna, kura, jimina, dorina a tabki, duk wuri guda kamar an kora su kasuwar Wudil ranar Juma'a. Wata zakanya ta taso ta kwanta a inuwar motarmu, kusa har ina ganin ƙudaje a gefen idonta da jini busasshe a haɓarta, tana haki cikinta na hawa yana sauka. Babu wanda ya yi tari. Karkanda ma mun hango ta amma daga nesa sosai.

To amma kuɗi fa. Lokacin da muka je, saukar mota ɗaya cikin ramin nan dala 295, ban da kuɗin shigar kowane mutum. Serengeti dala 70 a rana kafin haraji. Ɗan Kenya ko Uganda shilin kaɗan zai biya, ni da na fito daga Afirka ta Yamma kuɗina ɗaya da na Bajamushe, kuma da darajar naira a yanzu kowa ya san me wannan ke nufi. Ban ga adalci a nan ba. Sai dai kuma in an faɗi gaskiya ana ganin inda kuɗin ke zuwa, masu gadi na sintiri, babu leda ko ɗaya a ƙasa don tun 2019 suka haramta ta, direba ba ya yarda ya sauka daga hanya ko ka roƙe shi. Na tuna Yankari, muna da giwaye, muna da ruwan Wikki da ban ga irinsa a can ba, amma sai ka yini kana yawo ba ka ga komai ba sai gwaggon biri. Abin da ciwo.

Tsibirin Zanzibar kuma wata duniya ce, kiran salla ta kowace kusurwa, mata cikin hijabi, hankalina ya kwanta nan take. Mun tarar da inshorar dole ta dala 44 da ake sa wa baƙi. A ƙauyen Matemwe na yi nutso a teku kusa da tsibirin Mnemba, aka goya min tukunyar iska, malamin ya riƙe ni muna sauka a hankali ina toshe hanci ina hurawa don kunne ya buɗe, ɗan koyo ba ya wuce mita 12. Murjani iri-iri, kifaye masu launin da ban san sunansa ba, ga wani kunkurun ruwa ya wuce ta gabana bai ko kula ni ba. Subhanallah kawai nake ta yi a zuci.

Bayan Magariba wani dattijo ya ji ni baƙo ne daga Najeriya, ya kama hannuna har gida. Na ce Baba ka bari, ya ƙi. Shinkafa da kwakwa da kifi, ga shayi mai kanumfari, na ciro kuɗi ya ɓata rai sosai sai da na ba shi haƙuri.

Dajin Jozani a gurguje muka shiga, duhun itatuwa da laima da sauro. Jan birin nan da babu shi a ko'ina sai Zanzibar yana nan birjik, har gawayi yake ci don ya kashe dafin ganyen da yake kiwo. Na so zuwa gandun dajin Udzungwa ganin ruwan Sanje mai zubowa daga dutse amma guzuri ya ƙare, sai muka tsallaka Darussalam a jirgin ruwa, daga nan gida.