Kare a Ingila: kwana bakwai da sa hannu ɗaya na iya raba ka da shi

A Argungu ko Zuru ba a tambayar mai kare takarda. Kowa a unguwa ya san jan karen nan mai yankakken kunne na mafaraucin bayan kasuwa ne, in ya bi wani ya ƙi dawowa, maƙwabta biyu da mai unguwa sun isa su raba gardama. Da wannan tunanin mutanenmu na Kebbi suke sauka Ingila. Wata rana yara su matsa a samo musu kare, ko mutum ya auri mai kare, ko yana son na gadi, sai rigima ta taso da ƙungiyar ceton dabbobi, ya tarar shaidar baki ba ta da nauyi a nan. Abin da aka rubuta da kwanakin da suka wuce su alƙali ke dubawa.

A dokar Ingila kare dukiya ne, kamar keke ko firji. Tun 6 ga Afrilu 2016 wajibi ne a saka wa kowane kare cif kafin ya wuce mako takwas da haihuwa. Cif ɗin bai fi ƙwayar shinkafa ba, likitan dabbobi ke cusa shi da allura ƙarƙashin fata tsakanin kafaɗu, yana ɗauke da lamba mai alƙaluma 15 da ke haɗe da sunanka, adireshinka da lambar wayarka a rumbun bayanai. Wanda bai saka ba ana ba shi kwana 21, in ya ƙi, tara na iya kai fam 500. Amma a lura, cif yana nuna mai riƙon kare ne, ba hujjar mallaka ba ce ita kaɗai. Kuma mu baƙi mun fi kowa sauya gida da layin waya a shekarun farko. Ka tashi daga Bradford zuwa Lesta ba ka gyara bayanan ba, cif ɗin ya zama ba shi da amfani ranar da aka fi buƙatarsa. Ban da shi, dokar 1992 ta ce a bainar jama'a kare ya kasance da abin wuya mai suna da adireshin mai shi.

Inda aka fi asara shi ne maganar kwana bakwai. Idan kare ya fita shi kaɗai, jami'in karnuka na ƙaramar hukuma ke kama shi, ba 'yan sanda ba, ƙarƙashin sashe na 149 na dokar kare muhalli ta 1990. Za a duba cif, a aika maka sanarwa, a ajiye shi kwana bakwai cif-cif. Ka zo cikin kwanakin nan, ka biya fam 25 da doka ta yanka, da kuɗin ɗakin ajiya na kowane dare, da na magani in an yi masa, ka tafi da abinka. Ba ka zo ba, hukuma na da ikon sayar da shi, ko ba wa ƙungiyar ceto, ko a yi masa allurar mutuwa. Kuma dokar ta faɗa ƙarara cewa wanda ya karɓa da zuciya ɗaya, mallaka ta koma hannunsa.

Ka duba yadda wannan ke cin mutanenmu. An yi rasuwa a Jega, ko Sallah ta zo, mutum ya tafi gida wata guda, ya bar kare hannun abokin zama. Layinsa na Ingila a kashe, ya saka na Najeriya. Aka bar ƙofar bayan gida a buɗe, kare ya fice. Wasiƙa tana kwance a bakin ƙofa, kira ba ya shiga. Kafin ya dawo an yi wa karen fiɗiya, yana gidan wasu a wani gari, ƙungiyar kuma ba za ta faɗi sunansu ba saboda dokar kare bayanan mutane. Kuka ba ya dawo da shi, sau da yawa kotu ma ba ta iya. Maganin kuwa minti goma ne: kafin tafiya ka shiga shafin kamfanin cif ka ƙara lambar wanda ka bar wa amana, ka nuna masa lambar jami'in karnuka na yankinku.

Hanya ta biyu ta rasa kare ita ce jami'ai su ƙwanƙwasa maka ƙofa. Da yawanmu ba ma shigar da kare ɗaki, saboda tsarki da wurin sallah, kuma wannan ba laifi ba ne. Ajiye kare a waje bai saɓa doka ba. Sai dai dokar walwalar dabbobi ta 2006 ta ɗora maka haƙƙi biyar: mazauni mai dacewa, abinci da ruwa, damar yin halinsa na kare, abokin zama in yana buƙata, da kariya daga ciwo da wahala. Karen da aka ɗaure da gajeriyar sarƙa a watan Janairu, ruwan kwanonsa ya daskare, ba bukka mai rufi da shimfiɗa busasshiya, maƙwabciya na kallonsa ta taga, kira ɗaya za ta yi wa RSPCA, ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi. A ganina gaskiyarta ce. Sanyin nan ba hunturun Kebbi ba ne, kuma addininmu ma ya hana azabtar da dabba. Yanke kunne da aka saba gani a karnukan farauta a gida, nan laifi ne kai tsaye.

Ka san matsayin wanda ya zo. RSPCA ƙungiyar agaji ce da aka kafa a 1824, kayan sarkin jami'anta ba na gwamnati ba ne. Ba su da ikon shiga gidanka ba izini, ba su da ikon ɗauke kare da kansu, sai tare da ɗan sanda, galibi bayan likitan dabbobi ya tabbatar dabbar na wahala. Karen da aka ɗauke ta wannan hanya yana nan naka har kotu ta yanke hukunci. Amma in aka miƙo maka takardar sallamawa ka sa hannu, ka bayar ke nan har abada, da wuya a janye. Mutumin da ke kan biza, gabansa na faɗuwa da ganin rigar hukuma, yakan sa hannu don kawai a tafi. Kada ka yi gardama, kada ka ɗaga murya. Ka karɓi takardar ka ce sai ka nuna wa lauya ko ofishin Citizens Advice, masu ba jama'a shawara kan doka. In an ba ka takardar gargaɗi, gyara abin da aka lissafa, ka ɗauki hoto, ka ajiye rasiɗin likita. Maganar ba ƙarama ba ce: tun 2021 hukuncin azabtar da dabba na iya kai shekara biyar a kurkuku, kotu na iya hana ka riƙe dabba, kuma hukuncin laifi sai an bayyana shi a takardar neman zaman dindindin.

Mai karɓo kare daga gidan ceto kuma ya karanta yarjejeniya layi-layi. Riƙo na wucin gadi daban, ɗauka na dindindin daban. A na farko kare na ƙungiya ne ko ya shekara a hannunka. Wasu ƙungiyoyi ko a na biyun suna barin sunansu a cif, su hana ka sayarwa ko kyautarwa, su ce in za ka rabu da shi su za ka mayar wa. Kyautar da shi ga ɗan'uwa don za ka koma Birnin Kebbi, abin da mu muke ɗauka zumunci, karya yarjejeniya ne.

In rigima ta kai ga shari'a, fara da wasiƙa mai kwanan wata, ka faɗi hujjarka, ka ba su kwana 14. Daga nan sai kotun yanki, ɓangaren ƙananan ƙararraki da ba su wuce fam 10,000 ba, inda ba dole sai da lauya ba. Alƙali zai nemi rasiɗin saye, sunan da ke littafin likita, wanda ke biyan inshora, da saƙonnin waya da ke nuna aro ne ko kyauta. Yana iya cewa a mayar maka da kare, yana iya cewa a biya ka kuɗinsa kawai. Ko da ka gano gidan da karen yake, kada ka je ka kwance shi da hannunka: tun Agusta 2024 ɗauke kare daga hannun mai riƙonsa na halal laifi ne mai zaman kansa, hukuncinsa na iya kai shekara biyar.