Laraba, ranar asibitin Mama

Sanyin Jos na bana ba ya wasa. Sai da na ɗumama ruwa kafin in iya alwalar asuba, ƙarfe bakwai kuma muna cikin Keke daga Unguwar Rogo, Mama ta naɗe da mayafi biyu, za mu ganin likitan hawan jini.

Layi ya yi tsawo, Mama ta fara mita tun ba a je ko'ina ba. Da aka zo kanta, nas ɗin ta ɗaura mata abin awo, ta duba, ta kwance. "Hajiya, ba zan rubuta wannan ba. Ki zauna minti 5 tukuna, ranki a ɓace yake." Sai ta ja kujera ta ce za ta koya mata numfashi.

"'Yar nan, na haura sittin ina numfashi, yau ke za ki koya min?"

Sista ta yi dariya, ta ɗora hannun Mama ɗaya a ƙirji, ɗaya a ciki. Ta ce a shaƙa ta hanci ana ƙirga huɗu, a fitar ta baki a hankali ana ƙirga shida, kamar mai hura kunu mai zafi. Hannun ciki ne zai tashi, na ƙirji ya zauna lafiya. Ni da na zo rakiya, ina gefe ina yi a ƙarƙashin hijabi.

Bayanin da ta yi shi ya tsaya min. Babban mutum yana zaune yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, wannan kuwa sau 6 ne kawai. Akwai tsoka a ƙasan huhu da ta raba ƙirji da ciki, ita ce ke yin ƙasa ta turo cikin waje idan iska ta shiga sosai. Zuciya kuma takan ɗan ƙara sauri lokacin shaƙa, ta sassauta lokacin fitarwa, shi ya sa ake jan fitarwar ta fi tsawo. Ta ja kunne a kan abu biyu: kada a riƙa zuƙar iska da ƙarfi a jere, jiri zai kama mutum, yatsu su yi kamar ana tsira musu allura, sannan wannan bai ɗauke wa kowa shan magani ba. Na ji daɗin da ta faɗi na biyun a gaban Mama, don na san halinta da ƙwayoyi.

Da aka sake awo, ya ɗan sauka. Zaman ne ko numfashin, oho, an dai rubuta.

Da la'asar na samu wurin gwadawa. Wata da ta kawo min ɗinki ta faɗo shago tana faɗa, bikinsu Asabar, rigarta ko hannu ba a sa ba, alhali wuta rabonmu da ita tun jiya. Na ji ƙirjina ya ɗauki zafi, amsa ta zo bakina. Na duƙa kamar ina neman almakashi, na saki iska a hankali, na ƙara. Matar ba ta fasa faɗa ba, kuɗin man janareto ma bai ragu ba. Muryata ce dai ta fito daidai da na ce mata ta dawo Juma'a da yamma. A ganina iyakar aikin numfashin ke nan, kuma ya isa.

Bayan isha'i na tarar da Mama a kan darduma, hannu a ciki. Ta ce ita ba za ta zauna tana ɗaya-biyu-uku kamar 'yar firamare ba, da hailala take fitar da nata. Na duba da agogon waya, idan ta ja ta a hankali tana kaiwa daƙiƙa shidan, har da ɗoriya. Na miƙa mata maganin dare, ta harare ni, ta sha.

Gobe da wuri zan shiga kasuwar Taminus neman zare da zif, rigar nan dole ta fita kafin Juma'a.