Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Wasiƙar Yaya Sani

Makon jiya na tsaya a zuwana karatu York, a Ingila. Yau auren Hajara na so in ba ku, amma Yaya Sani ya hana ni barci.

Wata Asabar abokin karatuna ya kai ni maƙabartar cocin St George, ya nuna mini kabarin Dick Turpin, ɗan fashin da aka rataye ran 7 ga Afrilu 1739. Mahauci ne ɗan yankin Essex a kudancin Ingila. Daga hulɗa da ɓarayin barewa ya koma fasa gidaje da tare hanya, har ya harbe mutum a dajin Epping a 1737. Ya gudo arewa, ya zama John Palmer mai cinikin dawakai. A kan harbin zakara aka fara kama shi, sannan maganar satar doki ta taso. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, in ji Baba.

Daga kurkuku ya rubuta wa mijin 'yar'uwarsa. A lokacin mai karɓar wasiƙa ke biyan kuɗinta, mutumin ya ƙi biya. Ta koma gidan waya, James Smith, wanda ya koya wa Turpin rubutu, ya gan ta ya gane hannun ɗalibinsa. Nan asiri ya tonu.

Ƙafafuna suka yi sanyi. Ina aji huɗu aka kawo takardar Yaya daga gidan yari, bayan an kama shi kan maganar satar shanu, kuma ni ke karanta wasiƙa a gidanmu. Baba bai ɗago kai daga buzu ba, karin maganar nan kawai ya maimaita. Inna tana bayan ƙyaure. Baffa Ilu, wanda ya fi kowa cin kuɗin shanun, shi ya ce, "Mayar masa, yaro." Na mayar ban buɗe ba. Har yau 'ya'yansa na cewa mu ne gidan ɓarayi.

Kafin a rataye shi, Turpin ya sayi sabuwar riga da takalmi, ya biya mutum biyar su yi masa makoki. A kan tsani ya ɗan jima yana magana da mai ratayewa kafin ya yi tsalle da kansa. Shi ya samu mai sauraronsa. Yaya kuwa ban san me ya so faɗa mana ba, ko tuba ce, ko sunan Baffa. Rasuwarsa ma sai bayan wata biyu muka ji, a bakin wani direba.

Baba bai sake faɗin maganar ranar mai kaya ba har ya koma ga Allah.

Auren Hajara sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.